Karabela mai ruwan Farisa: me ake dubawa kafin a taɓa ta?

Mai Tara Tsofaffi: Jama'a, masu riƙe da karabela, takobin manyan Poland mai ƙota kamar kan tsuntsu, ku kawo abin da kuka gani a hannu. Nawa dai: a raba shekarun ruwa, wato ƙarfen takobin mai kaifi, da na ƙota. Ruwan kan fito daga Farisa, maƙeran Armeniyawa na birnin Lviv, da ke Ukraine a yau, su sa masa ƙota da kube a ƙarni na 17 da na 18. Wani ruwan ya girmi ƙotarsa da shekara ɗari.

Maƙerin Zaure: Haka ne, Alhaji. Ruwan shamshir, wato takobin Farisa, lanƙwasarsa mai zurfi ce, gadon bayansa da kauri, yana sirancewa zuwa kaifi, galibi babu kwari a jikinsa. In ka ga kwari biyu ko uku, fara zargin ƙirar Turai ce. Sai a duba ƙusoshin da suka haɗa ɓarin ƙaho biyu na ƙotar, yawanci uku ne. Ƙaho na tsukewa in ya bushe, ya tsage daidai ramin ƙusa. Kada a ƙara matse ƙusar, tsagar za ta ci gaba.

Mai Karanta Hatimi: Sunan shahararren maƙeri Asadullah na Isfahan da zinare a jikin ruwan, tare da na Shah Abbas, sarkin Farisa, ba hujja ba ne shi kaɗai cewa ƙirarsa ce. An yi ta buga sunan nan tsawon ƙarnuka bayan zamanin sarkin, wanda ya rasu a 1629. Zinaren da aka dasa cikin sassaƙa ya fi daɗewa. Wanda aka shimfiɗa kan ƙarfen da aka karce saurin gogewa yake.

Maƙerin Zaure: Babbar ɓarna kuwa sanfefa ce da injin gogewa. Suna shafe jauhar, zanen nan mai kama da igiyar ruwa, su kwashe zinaren. Jar tsatsa: a ɗiga man keken ɗinki, a bar shi kwana ɗaya, a kankare da tsinken ƙaho ko na tagulla. Baƙin tabo a ƙyale shi, ya daina ci. Fito da jauhar da asid aikin gwani ne. In ba a kashe asid ɗin da sodar girki (baking soda) ba, tsatsa za ta dawo washegari.

Mai Tara Tsofaffi: Kuma kada a ajiye takobin cikin kube, fata da itacen na riƙe danshi. A shafa kaki siriri, a rataye su dabam.