Don Allah a taimaka: garin kalsiyam na tsakar kiwo ya ruɗa ni

Ɗan Zango: Salamu alaikum 'yan uwa. Yayana ya dawo daga karatu a waje da tsakar kiwo, mai ɗigo-ɗigon nan da ake ce wa tsakar damisa, 'yar asalin Pakistan da Afghanistan. Aiki ya kai shi Yamai. Inna ta rantse ba za ta kwana gida ɗaya da tsaka ba, shi ne na kai akwatin gilashin shagona, inda dama muna rigima da mai haya kan kuɗin wuta. Ya bar mini gwangwani 3: kalsiyam zalla, kalsiyam mai bitamin D3, da haɗin bitamin. Rubutun da Ingilishi ne, ni kuwa Faransanci na yi a lakwal. Yanzu ƙafarta ta gaba rawa take in tana tafiya. Wanne zan ba ta, kuma yaushe? Wayarsa ba ta shiga, wallahi hankalina a tashe yake.

Maman Biyu: Subhanallahi, tsaka? Ɗana, ko a hadisi an ce a kashe ta. Inna ta fi ka gaskiya. Ni nan Birni tantabarun maƙwabci sun hana ni shanya tsaba, na kai ƙara wurin mai unguwa, har yau shiru.

Baban Haladu: Hajiya, amana aka ba shi. Ƙanena, saurara. Gyare da tsutsa fosforas ɗinsu ya fi kalsiyam yawa, ita kuwa tana son kalsiyam ya ninka fosforas sau 2. In ta rasa, jiki ya riƙa zarar sa daga ƙashi: ƙafa ta lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, rawar nan ita ce farko. Zalla ɗin zuba shi a murfin kwalba, ya zauna a akwatin kullum. Mai D3 kuma ka ɗan barbaɗa cikin leda, ka jefa ƙwarin, ka girgiza, ka ba ta nan take kafin garin ya zube. Haɗin bitamin sau 1 a mako, saboda bitamin A, rashinsa ke kawo ciwon ido da wahalar saɓa. Shi ke nan.

Abdu Sabon Gari: D3 a Damagaram? Ga rana kyauta. Ka riƙa fitar da akwatin da hantsi.

Baban Haladu: Kar ka soma! Gilashi yana tare hasken UVB, wato ɓangaren hasken rana da jiki ke yin D3 da shi, zafin kawai yake shiga, dafa ta za ka yi. Dabbar magariba ce ma.

Malama: Baban Haladu, ka faɗi rabi. D3 ba ya fita da fitsari, taruwa yake a jiki, in ya yi yawa ya lalata ƙoda. Kuma haɗin bitamin da yawa akwai D3 a ciki, a duba gwangwanin. Ɗan Zango, kana da ampul ɗin UVB? Babba ce ko ƙarama? Mace ce mai ƙwai?

Ɗan Zango: Akwai wani ampul da yaya ya bari, ban kunna ba saboda maganar kuɗin wutar. Amma ba yunwa take ji ba, fara nake kamo mata bayan shago, masu rai, tana ci sosai. Ban ga abin da gari zai ƙara wa fara ba.

Abdu Sabon Gari: To ka ɗan sa mata kanwa a ruwa, mu ita muke ba tumaki.

Baban Haladu: Kanwa ba kalsiyam ba ce, kashe ta za ta yi. Farar bayan shago kuma ka san ko an yi feshi? Ka ajiye ƙwarin kwana 1 ko 2 suna cin karas da ganye tukun. Mai rawar ƙafa kuma likitan dabbobi ya kamata ya gan ta.

Maman Biyu: Wane likitan? Ragona na layya ma kallonsa kawai aka yi aka karɓi jika 3.

Ɗan Zango: Unguwarmu ba a feshi. Yaya ma fara ya ba ta kafin ya tafi. Yanzu daren nan na sa mai D3 ɗin ne ko na bari? Baban Haladu ya ce sa, Malama ta ce haɗari ne.