Wa ya taɓa biyan talla a soshiyal midiya kan lafiyar matasa?

Ma'aikaciyar jinya: Assalamu alaikum 'yan uwa. A wurin aikinmu ana so mu fara sa talla a Facebook da Instagram don wayar da kan 'yan shekara 13 zuwa 19 game da balaga, ciwon sanyi da ƙanjamau. Wanda ya taɓa yi, don Allah ya ba mu labari.

Ungozoma: Wa alaikumus salam. Ki fara karanta ƙa'idar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, kafin ki rubuta komai. Tallan da ya shafi tsarin iyali sai ga 'yan 18 zuwa sama. Mu sai muka raba aikin gida biyu. Ƙananan muka yi musu bayanin jinin al'ada da allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 don kariya daga sankarar bakin mahaifa. Sauran maganar muka bar wa manya.

Mai kula da shafi: Ni ke riƙe da shafin ƙungiyarmu. Tun Fabrairun 2023, idan tallanki na 'yan ƙasa da 18 ne, shekaru da yanki kawai za ki iya zaɓa, ba dama ki ce mata zalla. Ki rubuta da sanin samari ma za su gani. Kuma kada ƙarancin sharhi ya karya miki gwiwa. Wane yaro ne zai yi tambaya kan kaikayin gaba a inda abokansa ke kallo? A fili shiru kake ji, amma akwatin saƙo cike. Abin da ya ba ni mamaki, samarin sun fi tambaya, yawanci kan mafarkin balaga da tsoron ko sun kamu da wani abu.

Uwar yara: Ni a wayar 'yata na ci karo da irin tallan nan. Abin da na fara dubawa shi ne su waye suka sa shi. Da na ga sunan asibiti da lambar da zan iya kira, hankalina ya kwanta, har muka karanta tare. Da babu suna, da na rufe shafin.

Malamin sakandare: Hajiya, ke kin yi sa'a. Ɗalibaina da yawa sun ƙara wa kansu shekaru lokacin buɗe shafi, wasu kuma da wayar iyayensu suke hawa, don haka wannan rabon na ungozoma ba lallai ya tsare komai ba. Sannan tambayoyinsu cikin dare suke zuwa. Yaron da ya cire kunya ya rubuto, aka bar shi kwana uku ba amsa, wajen abokai zai koma.

Ma'aikaciyar jinya: Na gode ƙwarai. Malam, maganarka ta dare ce ta tsaya min, don mu biyu ne kacal a sashen. Mai kula da shafi, ku yaya kuke raba aikin amsa saƙo?