Tsohon kan S-4 zai iya auna siginar faiba?

Ɗan Argungu: Salam 'yan uwa, na samu tsohuwar osiloskop (na'urar nuna hoton siginar lantarki) Tektronix 7000 da kan S-4 (ɓangaren da ke ɗaukar samfurin siginar) a Birnin Kebbi, zan iya duba siginar faiba, wato hasken da ke bin wayar faiba, da ita kuwa?

Bagusau: Wa'alaikumus salam. Kai tsaye dai a'a, S-4 lantarki yake gani ba haske ba, sai ka sa fotodayod mai sauri ta maida hasken ya zama lantarki, kuma dole siginar ta riƙa maimaituwa don tsinta yake kaɗan-kaɗan yana haɗa hoto. Ka duba ko akwai 7S11 da 7T11, wato ɓangarorin da ake sa wa osiloskop ɗin don kan S-4 ya yi aiki.

Na Yauri: Malam kula da hunturu, tartsatsin lantarkin jiki ya ƙone min dayod ɗin cikin kan S-4 nawa bara, kai mai saurin 25 ps (pikosakan) fa, wallahi har yau abin na min ciwo. Ɗaura wayar at, mai sauke lantarkin jiki zuwa ƙasa, a hannu kafin ka taɓa.