Ƙugiyoyin kundina sun ɓace tsakanin Windows da Mac

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min. Na gama buga kundina a kwamfutar gida mai Windows, shafi 140, na kai wa malamin da ke duba min a filash. Shi Mac gare shi. Yana buɗewa sai ya ga ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓangare ya koma ~angare, kuma shafukan sun ƙaru. Wane salon haruffa ne zai zauna daidai a kowace kwamfuta?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Da tsohon salon haruffan Hausa na Rabi'at kika buga ko?

Maman Hanif: Eh, shi mai shago ya sa min tun ina aji biyu.

Baban Khalifa: To ki kwafo fayil ɗin salon daga C:\Windows\Fonts ki kai wa Malam, ya danna shi sau biyu, Font Book, manhajar salailai ta Mac, zai shigar masa. In .ttf ne Mac na karɓa.

Kawu Mai Ɗab'i: 'Yata, shawarar Baban Khalifa za ta fitar da ke kunya a yau, amma ba za ta raba ki da matsalar ba. Bari in ba ki labarin abin da ya same ni. Wani dattijo ya kawo min diwanin waƙoƙinsa, aikin shekara da shekaru. Na tsara shi a kwamfutata, komai tsaf, ya zo ya zauna a gefena muka bi shi baiti-baiti har ya sa hannu. Sai na yi gangancin tura fayil ɗin Word maɗaba'a, ban mayar da shi PDF ba. Kwamfutarsu ba ta da salon, yaron da ya fitar da faranti kuma ba ya jin Hausa, bai ga wani abin mamaki ba. Aka buga kwafi 500. Ranar da na kwance ƙunshin farko na buɗe shafin sadaukarwa, inda ya rubuta wa mahaifiyarsa addu'a, na tarar "Allah ya ji}an ta". Jikina ya yi sanyi. Dattijon nan bai yi min faɗa ba, ya dai riƙe littafin yana shafa shafin da babban yatsa, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Da kuɗina na sake bugawa, kuma har yau nauyinsa nake ji.

Abin da na gane daga baya shi ne, a irin waɗannan tsofaffin salailan babu ƙ a cikin fayil ɗin kwata-kwata. Abin da ke ciki } ne, salon ne kawai yake zana shi da siffar ƙ. Da zarar rubutun ya je inda babu salon, sai ainihin abin da aka danna ya fito fili. Ba aibata su nake yi ba. Lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar da su a shekarun 1990 ba mu da wata mafita, sun yi wa Hausa hidima, Allah ya saka masa da alheri. Amma yanzu kowace ƙugiya tana da lambarta a Unicode: ƙ U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253. In da su kika rubuta, ko an canza salo harafin yana nan daram, a Windows ne, a Mac ne, ko a waya.

Ki yi kwafin kundin ki ajiye gefe tukuna. Sannan ki danna Ctrl+H ki musanya guda shida: } zuwa ƙ, { zuwa Ƙ, ] zuwa ɗ, [ zuwa Ɗ, ~ zuwa ɓ, | zuwa Ɓ. Ki kula da wuraren da kika yi amfani da baka mai kusurwa ta gaske, kamar a manazarta ko rubutun sauti, don su ma zai cinye su. Nan sai ki bi ɗaya bayan ɗaya.

Maman Hanif: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Kawu. Tsarin sauti nake yi, babi na uku cike yake da irin wannan baka.

Kawu Mai Ɗab'i: To babi na uku kada ki danna Replace All ko da wasa.

Malama Ta Zariya: In tsarin sauti ne ki ɗauki salon Charis SIL ko Doulos SIL. Kyauta ne, lasisinsu ya yarda ki ba kowa, kuma alamomin karin sauti suna zama daidai a kan wasula. Don littafin yara kuma Andika na fi so.

Injiniya: Ni ba Windows ba Mac, tsarin Ubuntu nake kai. Noto na Google ko DejaVu, ban taɓa ganin akwati a wurin ƙ ba. A zuba fayil ɗin a ~/.local/share/fonts a buga fc-cache -f, shi ke nan. Batun ƙaruwar shafuka kuwa, faɗin haruffa ne ya bambanta. Kwamfuta in ta rasa salo takan ɗauko wani ta maye gurbinsa, layuka su zame. Shi ya sa aka yi Carlito daidai awon Calibri, Liberation Serif kuma daidai awon Times New Roman.

Baban Khalifa: Injiniya kai komai aka tambaya sai ka kawo Ubuntu. Baiwar Allah ta ce Mac.

Injiniya: Ai dalilin zamewar shafi ɗaya ne ko ina, Baba.

Ɗan Maraɗi: Kun lissafa shida kun bar ƴ. Mu nan ƴaƴa muke rubutawa, U+01B4, babbansa U+01B3. Duk salon da za ku ba da shawara ku gwada shi da wannan, don wani yana da ƙ da ɗ amma ya zo kan ƴ ya aro daga wani salon, ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan uwansa kauri.

Baban Khalifa: Ku dawo 'y ku huta mana.

Ɗan Maraɗi: Ku da Word ke juya muku alamar ta kalli baya duk sanda ta zo farkon kalma? Mu harafi ɗaya ne, ba ya juyawa.

Malama Ta Zariya: Nan kam ya faɗi gaskiya. Kullum sai na bi na gyara wa ɗalibai.

Auta: Don Allah ni a waya ne, wane kibod ke da ƙugiya?

Injiniya: Gboard, ka ƙara Hausa a harsuna. A kwamfuta kuma Keyman.

Kawu Mai Ɗab'i: Na manta abu ɗaya. Masu kai aiki maɗaba'a, PDF za ku kai, sannan ku buɗe shi a wata na'urar daban ku duba kafin ku tura. Masu CorelDRAW ku zaɓi rubutun ku danna Ctrl+Q ya koma zane, amma ku ajiye kwafin da ba a mayar ba saboda gyara. Tsofaffin salailan Type 1 kuma a haƙura da su, Adobe ta daina karɓarsu tun Janairun 2023.

Baban Khalifa: A Word ma akwai Embed fonts in the file, ƙarƙashin Options, sai Save. Sai dai ba kowane salo ne lasisinsa ke barin a cusa shi ba.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na gama babi na ɗaya da na biyu, na sa Charis, na tura wa wayata ƙugiyoyin sun fito lafiya. Amma sashenmu sun ce dole Times New Roman 12.

Malama Ta Zariya: Na Windows na yanzu yana da ƙugiyoyin. Ki mayar da jikin kundin can, ki bar misalan sauti a Charis, ki kai wa Malam PDF tare da na Word ɗin.

Ɗan Maraɗi: Auta, in ka sa Gboard ɗin ka duba ko akwai Hausa ta Nijar daban, in akwai ita za ka zaɓa.

Auta: Ni ɗan Gusau ne fa, Yaya.