Na karɓi goɗiyar daji da aka yasar, yanzu na rasa yadda zan yi da ita

Baban Hanif: Assalamu alaikum masoya dawaki, a yi haƙuri da tsawon rubutu. Ina zaune a Amurka, bayan garin Rino a jihar Nebada, ina tuƙin babbar mota. A nan akwai dawakin daji da ake kira mustan, gwamnati kan kama wasu ta ba mutane riƙo. Wani abokin aikina ya karɓi goɗiya don 'yarsa ta riƙa hawa. Aurensa ya mutu, uwar ta tafi da yarinyar, shi kuma kullum yana hanya, goɗiya ta zauna a bayan gida sai maƙwabci ya tuna ya jefa mata ciyawa. Mutumin nan shi ya koya mini tuƙi da na zo ƙasar nan, shi ya tsaya mini har na sami lasisi, da aka haifi Hanif matarsa ce ta kwana da iyalina a asibiti. Ni kuma a gidanmu na Katsina na tashi na ga doki a turke, kakana ba ya fashin hawan sallah, zuciyata ba za ta iya gani ta wuce ba. Na ce ya ba ni, muka kora ta cikin tirela da ƙyar.

Haƙarƙarinta sai ka ƙirga, ƙashin ƙugu ya fito tsuru, kofato ya yi tsawo har ya fara lanƙwashewa sama. Akwai tsohuwar ragama da ta nutse mata a karan hanci, wurin yana ruwa. Ba ta yarda a matso, sai ta kwantar da kunnuwa ta juyo maka baya. Maman Hanif ta ce kafin sanyi ya shigo a san inda za a kai ta. Yaya zan hore ta, kuma wa zan ba?

Alhaji Mai Barga: Wa alaikumussalam ɗana. Wannan ba wata matsala ba ce, yunwa ce da rashin turke. Jiƙa mata gero, ka ba ta dusa da ruwan kanwa safe da yamma, harawa kada ta yanke. Sannan ka nemo ƙarti su jefa mata igiya, a sa mata dabaibayi, a ɗaure ta a turke. Dokin da ya kwana uku a tarnaƙi da kansa yake miƙo kai. Tun kafin a haife ka nake wannan harka.

Dakta Maman Sultan: Baba Alhaji, da girmanka, amma a wannan karon geron ne zai kashe ta. Dabbar da ta daɗe da yunwa, idan aka ɗura mata hatsi farat ɗaya, sinadarin insulin yakan tashi ya janye fosfaras da sauran gishirin jini zuwa cikin tsoka, sai zuciya da numfashi su gaza. Yawanci cikin kwanakin farko abin yake faruwa, a daidai lokacin da mai doki ke murna ta fara ci. Tsarin da jami'ar Kalifoniya da ke Debis ta gwada shi ne busasshiyar ciyawar alfalfa zalla, kamar rabin kilo duk bayan awa 4, na kwana 3. Daga nan a riƙa ƙarawa a hankali har kwana 10, ba hatsi ko kaɗan. Komawa jikinta zai ɗauki wata 3 zuwa 5. Malam Baban Hanif, me kake ba ta yanzu? Likita ya gan ta? Ragamar nan sai an yi mata allurar barci za a yanke, kuma a yi mata rigakafin sarƙe haƙora saboda ciwon. Maganin tsutsa ma a bari sai an duba kashinta.

Baban Hanif: Hajiya Dakta na gode. Na sayo mata buhun abincin dawaki mai hatsi, kuma wallahi tana ci sosai, har ta fara haniniya idan ta ji motata. Ni dai ban ga alamar yana cutar da ita ba. Likita a nan kafin ya buɗe jakarsa ma sai ka biya kuɗin zuwa.

Alhaji Mai Barga: Ka ji ko? Tana ci. Mu nan da harawa ta yi tsadar da mai doki biyu sai ya sayar da ɗaya, wa ke auna ciyawa a sikeli? Abin da ke lalata dawaki yanzu yaran nan ne 'yan kilisa. Ka ba yaro aro ya je biki, ya yi ta sukuwa a kan kwalta, ya dawo maka da shi baki duk jini saboda jan linzami, ko sannu babu. Akawal ɗina haka aka gurgunta mini shi bara.

Yayan Teksas: Ƙanina, kowa yana maganar ciki, ni takarda nake tambaya. Duba wuyanta ta hagu, ƙarƙashin geza, za ka ga tambarin farin gashi. In akwai shi, daga hannun BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin Amurka, ta fito, kuma dokar 1971 ce ke kare dawakin daji. Wanda ya karɓi riƙo ba ya zama mai ita sai bayan shekara guda, an shaida yana kula da ita, an ba shi takardar mallaka. In abokinka bai karɓi takardar ba, goɗiyar har gobe ta gwamnati ce, ba shi da ikon ba ka, kai ma ba ka da ikon ba wani. Sannan wacce ba a hore ba sharaɗinsu shinge mai tsayin ƙafa 6, na ƙarfe ko katako, ban da waya mai ƙaya, fili kuma aƙalla ƙafa 20 tsawo 20 faɗi. Ni mota na taɓa karɓa a hannun ɗan garinmu ba takarda, don kunya, na biya tarar da ba ni na ci ba, yau ko gaisuwa ba ma yi.

Baban Hanif: Yaya, tambarin yana nan. Maganar takarda ban tambaye shi ba, mutum yana cikin damuwa ba zan tsare shi da wannan ba. Shingen waya ne amma ba ta da ƙarfin tsallakewa.

Yayan Teksas: Yau ne ba ta da ƙarfi. Kira hukumar kawai, suna da babban wurin ajiye su nan kusa da kai.

Baban Hanif: In na kira su ai sunansa za su fara tambaya.

Hajiya Ta Gabas: Ikon Allah. Mutane a gida suna neman na sakawa a baki, ana nan ana lissafin awa huɗu-huɗu saboda goɗiya. Ɗan'uwana ma haka yake, tun da ya tafi waje sai hotuna.

Malam Na Zariya: Hajiya, a bar wannan. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, hadisi ne ingantacce. Baban Hanif, ni tawa shawarar kada ka yi mata kokawa. Ɗauki kujera ka zauna nesa da ita kana karatunka, kada ka zuba mata ido. Ranar da ta juyo ta dube ka, tashi ka ba ta wuri. A haka za ta gane cewa dubanka ne ke kawo mata sauƙi.

Alhaji Mai Barga: Kujera! To Malam, sai ta haddace izu sittin tukuna a hau. Ɗana, igiya da turke. In kuma ka gaji, faɗa mini nawa ake sako doki a jirgi zuwa Kano, jinin daji ba abin yarwa ba ne.

Dakta Maman Sultan: Dabbar da ba ta taɓa sanin igiya ba, in aka ɗaure ta a wannan ramar, wuyanta za ta karya. Malam Baban Hanif, ka janye buhun nan yau, ka turo hoton kofaton ta gefe. Kuma idan kana hanya wa ke ba ta abinci?

Baban Hanif: Ina cika mata bokiti kafin in tafi. Duk na ji shawarwarinku, Allah ya saka. Akwai wani Bamekisike a wurin aikinmu da ya ce yana so, yana da gona, kuma bai tambayi takarda ba. Gobe da asuba zan ɗauki kaya zuwa Yuta, in na dawo zan duba.

Yayan Teksas: Bai tambayi takarda ba? Ka tambaye shi me zai yi da ita?

Alhaji Mai Barga: Har yanzu ba wanda ya faɗa mini kuɗin jirgin.