Yadda za mu adana tarihin Kaka

Bayan rasuwar kakarmu, wadda ta bar ƙasar haihuwarta da ƙuruciya ta kuma ƙarar da rayuwarta a aikin sa-kai, mun zauna da dangi da abokan aikinta kan yadda za a adana tarihinta. Ga abin da na tsinta.

Akasari sun ce a gaggauta naɗar muryar tsofaffin da suka san ta, ko da waya ce, tun ba su fara mantuwa ba. Kada a tambaye su "wace irin mace ce?", yabo kawai za a samu. A tambayi abu takamaimai: me ta riƙo a jakarta ranar da ta iso, wa ya koya mata harshen ƙasar, wace kalma ce ta gagare ta furtawa har ta koma ga Allah. Wannan shawara ta fi shiga raina, domin a nan ne ake jin Kaka da kanta.

Hotuna kuwa, a rubuta sunaye a bayansu da fensir, tawadar biro tana ɓata takarda. A ɗauki hoton fasfonta da wasiƙunta, a ajiye a wuri biyu.

Wata ƙawarta ta kawo ɗan littafin da Kaka take rubuta sunayen marasa lafiyar da take dubawa, gefensa duk ya lanƙwashe. Ta roƙe mu kada mu bayyana sunan kowa sai da izinin iyalinsa.

An yi saɓani kan ambaton wahalar da ta sha a shekarunta na farko. Ni ina tare da masu cewa a faɗa, jikoki su san abin da ta jure.