Nawa kamfanin wuta ke biya idan solar gida ta tura rarar wuta kan layi?

Mai_Tambaya01:
Assalamu alaikum. Gida mai faranti na kilowat 5 da inbata wadda ke haɗe da layin wuta, ba batir. Da rana tsaka wutar ta fi ƙarfin gidan, ragowar na fita waje. Kamfani yakan biya ta a farashin da yake sayar wa mutum ne, ko ƙasa da haka? Kuma ya ake lissafa ko ƙara faranti don sayarwa zai biya kuɗinsa?

Injiniya_Sola:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin a yi zancen nawa, sai an san wane tsari ƙasar ko kamfanin ke bi, don tsare-tsaren uku ne kuma kuɗinsu ba ya kama da juna.

Na farko shi ne cire yunit daga yunit. Ka tura yunit 300 a wata, ka ja 400, ka biya kuɗin 100. A nan yunit ɗin da ka fitar darajarsa ɗaya da wanda ka saya. Wannan ne ya fi daɗi ga mai gida, kuma shi ne ake ta janyewa. Kalifoniya ta bar shi ga sababbin masu haɗawa tun Afrilun 2023, kuɗin fitarwa ya faɗi da kusan kashi uku cikin huɗu. Holan ma ta sa ranar 1 ga Janairun 2027 a matsayin ƙarshen nata.

Na biyu, kowanne da farashinsa: ka saya da tsada, ka sayar da araha. Haka Ingila take tun Janairun 2020 a ƙarƙashin tsarin biyan kuɗin wutar da aka fitar mai suna Smart Export Guarantee. Doka ta tilasta wa duk kamfanin da ke da kwastomomin gida 150,000 ko fiye ya biya, amma ba ta ce nawa ba, ta dai ce kada ya zama sifili. Shi ya sa farashin wani kamfani ke ninka na wani, kuma mafi tsoka yawanci sai wanda ke sayen wutarsa a wurinsu ake ba.

Na uku, hukuma ta yanke farashi ta kulle shi na shekaru. Jamus ke nan tun dokar 2000, shekara 20 farashi bai motsi. Wanda ya haɗa ƙaramin tsari mai ƙasa da kilowat 10 a 2023 yana samun santi 8.2 na Yuro kan yunit idan rara kawai yake turawa, santi 13 idan duka yake turawa.

Ga lissafi da lambobin misali. Kilowat 5, awa 4 na rana mai ƙarfi, a cire kashi 20 cikin ɗari na asarar zafi da ƙura da waya, ya ba da yunit 16 a yini. A ce gidan ya sha 5 da rana, 11 suka fita. Idan saye 30 ne sayarwa 8, ribar yini ita ce 150 na wanda aka sha da 88 na wanda aka sayar, wato 238. Da tsarin farko ne, 480 ce. Lura da cewa yunit 5 da aka sha a gida sun fi 11 ɗin da aka sayar kawo kuɗi. To ƙara faranti don sayarwa kawai, a farashin 8 za ka lissafa shi, ba 30 ba.

Mai_Haɗa_Waya:
Bayanin Injiniya ya yi. Amma akwai waɗanda lissafin takarda ya ce za su fitar da yunit 11, mita ta nuna 7. Dalilan sun fi yawa a waya da mita.

Inbata ba ta iya tura wuta waje sai ta ɗaga bolt ɗinta sama da na layin. Inda layi yake bolt 230, iyakar sama a ƙasashe da yawa 253 ce. Kilowat 5 kusan amfiya 22 ne. Wayar tagulla mai kaurin 4mm² tsawon mita 30, wato 60 zuwa da dawowa, za ta ƙara kusan bolt 6. Idan layin unguwa dama yana 248 saboda maƙwabta ma suna turawa ko an ɗaga taransfoma, inbata za ta ga 254, sai ta rage aiki ko ta ɗauke, ta jira, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Duk wannan tsakanin sha ɗaya da biyu na rana, lokacin da wutar ta fi yawa. Da 10mm² ƙarin bai kai bolt 3 ba. A auna a bakin mita da kuma a bakin inbata lokaci guda. Tazarar ta yi yawa, laifin waya ne. Duka biyun sun yi sama, a kai ƙara ga kamfanin rarraba wuta. Kada a je ana buɗe saitin inbata ana ɗaga iyakar, kayan gida za su ƙone.

Sai mita. Dole ta zama mai karanta shiga da fita daban. Wasu tsofaffin mitoci, har da wasu na kati, ba su bambanta hanya, sai su ƙirga wutar da ka fitar a matsayin wadda ka sha. Ka ba da wuta kyauta kuma ka biya kuɗinta. Gwajin mai sauƙi ne: da rana a kashe komai a bar inbata, a duba wace lamba ke hawa.

Izini ma yana da iyaka. A Ingila har amfiya 16 kan layi ɗaya, wato kilowat 3.68, ana haɗawa a sanar da kamfanin rarraba wuta daga baya a ƙarƙashin ƙa'idar da ake kira G98. Fiye da haka sai an nemi izini tukuna a ƙarƙashin ƙa'idar G99. A Ostiraliya kilowat 5 kan layi ɗaya shi ne iyakar da aka fi gani. Ana kiyaye iyakar ne da wani maƙalin auna wuta da ake ɗaurawa a babbar waya. Yana da kibiya a jiki, kuma idan aka juya shi inbata za ta ɗauki shiga a matsayin fita.

Hajiya_Lissafi:
Zan ɗan ƙara kan batir, tunda can maganar ke ƙarewa. Da lambobin Injiniya, ka zuba yunit 5 a batir, wajen 4.5 za su dawo. Ka tsira da 135 da dare, ka rasa 40 na sayarwa, riba 95 a yini. A raba kuɗin batir da wannan, a ga shekara nawa, a gwada da garantinsa. Inda ake cire yunit daga yunit kuwa batir ba ya kawo ko kwabo, asara ma yake yi, sai dai amfaninsa in an ɗauke wuta. Inbata mai haɗe da layi mutuwa take yi idan layin ya mutu, da gangan aka yi ta haka don kada ta kama ma'aikaci a kan falwaya.

Abin da ya fi batir araha shi ne mayar da wanki, guga, famfon ruwa da tukunyar dumama ruwa zuwa tsakar rana. Kowane yunit da aka juyo ya tashi daga 8 zuwa 30.

Kuma a karanta kwantiragi da kyau: farashin kulle ne ko yana bin kasuwa, kuɗi ake bayarwa ko ragi a bil, kuma ragin yana ƙonewa a ƙarshen shekara? A Jamus tun Fabrairun 2025 sababbin masu haɗawa da aka sa wa mitar zamani (smart meter) ba a biyansu a sa'o'in da farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da sifili, kuma hakan a ranakun da rana ta fi ƙwallewa yake faruwa.

Mai_Tambaya01:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Mai_Haɗa_Waya, idan mitar ta faɗi gwajin, a kashe inbata ne har a canja ta?

Mai_Haɗa_Waya:
A'a, ba sai an kashe ba. A sa iyakar fitarwa a sifili, inbata za ta riƙa bin abin da gidan ke sha kawai. Sai a duba kibiyar maƙalin, a kunna dutsen guga, a tabbatar aikin inbata ya hau ba sauka ya yi ba.